Yadda Za a Sa Batirin Na'urorin Auna Danshi Ya Kai Shekaru a Gonar Rani

A filayen noman rani na Kadawa da Kura da Bunkure, inda ruwan dam ɗin Tiga ke bin magudanai, da kwarin Haɗejiya wajen Auyo, ban-ruwa na daga cikin abubuwan da suka fi cin aljihun manomi: ga fetur ɗin inji, ga tumatir ɗin da ruwa ya yi wa yawa har saiwarsa ta ruɓe. Shi ya sa ake dasa ƙananan na'urori a cikin gona su riƙa auna danshin ƙasa ko zurfin ruwan rijiya, su aiko da saƙo ta iska ba tare da an ja wayar lantarki ba. Kowace ɗaya muna kiranta ƙaramar tasha, kuma abu huɗu ne a cikinta: ƙwaƙwalwa, sansa mai awo, rediyo, da batir. Wadda ke tattara saƙonninsu ta miƙa wa intanet ita ce babbar tasha.

Abin da ya fi kashe irin wannan aiki shi ne batir. A dasa tashoshi ashirin, kafin sati biyu rabinsu sun yi tsit. Sai a ruga a sayo batir mafi girma, alhali randa ce ke yoyo, kuma ƙara mata girma ba ya toshe tsaguwar. Tashar da aka haɗa da kyau tana barci sama da kashi 99 cikin ɗari na rayuwarta, saboda haka wutar da take ci tana barci, da wadda rediyonta ke ci yana sauraro, su ne ke yanke tsawon ranta.

Kafin komai ka yanke wa kanka abin da za ka kira mutuwar aikin. Idan tasha guda ce ke gadin tsayin ruwa a bakin kogi saboda ambaliya, ranar da ta mutu aiki ya mutu. Idan tashoshi ashirin ne a fadama ɗaya, mutuwar uku ba ta hana sanin ranar ban-ruwa. Wannan ne zai nuna maka inda za ka zuba kuɗin batir mai tsada.

Lissafin da ake yi kafin a sayi komai

Ana auna wutar da na'ura ke ja da miliamfa, a rubuce mA, da maikro'amfa, a rubuce µA. Maikro'amfa dubu ne miliamfa ɗaya. Batir kuma ana auna cikinsa da mAh: mai mAh 2400 zai ba da mA 1 na awa 2400.

Ɗauki tasha mai ƙwaƙwalwar ATmega328P a kan bolt 3.3, da rediyon LoRa (irin rediyo mai nisan zango da ƙarancin cin wuta) mai aisi SX1276 (aisi shi ne ɗan guntun lantarki da ake dasawa a kan allo), da sansar danshi irin wadda aka lulluɓe jikinta ba ƙarfe a waje. Tana farkawa duk minti 30, wato daƙiƙa 1800. A kowace farkawa:

1. Ƙwaƙwalwa da sansa suna cin kusan mA 9 na daƙiƙa ɗaya. Ninka su, ka sami 9.
2. Rediyo yana aika saƙo mai bait 23 (bait ma'aunin tsawon saƙo ne) a matakin SF9, ɗaya daga matakan nisa na LoRa da za mu gani a gaba. Wannan yana ɗaukar daƙiƙa 0.2 a kan kusan mA 90. Ka sami 18.
3. Rediyo da ƙwaƙwalwa suna jiran amsa na rabin daƙiƙa a kan mA 16. Ka sami 8.

Jimla 35. Raba 35 da 1800, ya ba ka kusan mA 0.02, wato µA 20. Ƙara µA 10 na barci, ya zama µA 30. A kwana ɗaya mAh 0.72 ke nan, a shekara kusan mAh 263.

Kada ka taɓa lissafi da dukkan abin da aka rubuta a jikin batir. Zafin Kano da tsufa da faɗuwar bolt a ƙarshen rai za su ci nasu kason, don haka ɗauki kashi 70 kawai. Daga mAh 2400 saura 1680. Raba da 263: shekara shida da 'yan watanni.

Yanzu duba abin da ke faruwa idan aka bar allon da ke ɗauke da ƙwaƙwalwar yadda aka sayo shi. Regiletar AMS1117, mai daidaita bolt, da ke kan yawancin alluna masu araha tana cin kusan mA 5 ko da ba ta ba kowa wuta, ƙaramin ƙwan da ke nuna akwai wuta kuma yana cin kusan mA 2. Mun koma mA 7. Raba 1680 da 7, ka sami awa 240. Kwana goma. Batir ɗaya, manhaja ɗaya, gona ɗaya, amma shekara shida ta koma kwana goma saboda abubuwa biyu da ba su kai girman ƙwayar wake ba.

Toshe wuraren yoyo

Cire ƙwan nan da bakin ƙarfen dalma. Cire regiletar ma, ka sa MCP1700 mai cin µA 1.6 ko HT7333 mai cin kusan µA 4. Allon da ke da bakin USB yana da wani aisi na magana da kwamfuta wanda shi ma ba ya barci. Shi ya sa ake ganin an rubuta ESP32, wani aisin ƙwaƙwalwa mai Wi-Fi, yana cin µA 10 a barci, a auna allon a tarar da mA da yawa. Don aikin gona allon Pro Mini mai bolt 3.3, wanda ke ɗauke da ATmega328P, ya fi sauƙin gyara. Wi-Fi kuwa a manta da shi a ƙaramar tasha: kafin ya gama gaisawa da babbar tasha ya ɓata daƙiƙoƙi yana jan sama da mA 100, ga shi ba ya nisa.

Sansa ba ta da dalilin zama a kunne. Mai cin mA 5 za ka iya ba ta wuta kai tsaye daga ƙafa ɗaya ta ƙwaƙwalwa: ɗaga ƙafar, jira rabin daƙiƙa zuwa ɗaya ta natsu, karanta, sauke ƙafar. Mai auna zurfin ruwa da amo irin JSN-SR04T ta fi haka ci, sai a kunna ta ta hanyar MOSFET, wato ɗan makunnin lantarki da ƙwaƙwalwa ke sarrafawa. Idan ka kashe sansa, ka sauke ƙafafun da saƙonta ke bi su ma, in ba haka ba wuta za ta riƙa sulalewa ta can ta ƙofar baya. Ka duba aisin da ke kan sansar danshi kafin ka biya kuɗi: mai TLC555 tana aiki a bolt 3.3, mai NE555 tana son bolt 4.5 zuwa sama, a ƙasa da haka ƙarya za ta riƙa faɗa maka. Sansa mai haƙora biyu na ƙarfe kuwa, ƙasar fadama mai taki za ta cinye ta cikin 'yan makonni.

Akwai yoyon da ake yi wa kai da hannu. Don auna bolt ɗin batir akan jera rezista biyu, wato 'yan abubuwan da ke rage gudun wuta, kuma mutane sun saba ɗaukar masu 10k. A kan bolt 4.2 wannan yana zubar da µA 210 dare da rana, ninki bakwai na duk abin da tashar ke ci. Sa masu 1M guda biyu, da kafasita ('yar ma'ajiyar wuta) mai nF 100 a tsakiya don karatu ya tsaya, yoyon ya koma µA 2.

A cikin manhaja, kafin ATmega ta kwanta, kashe sashen da ke karanta sansa, domin idan aka bar shi yana cin µA 100 ko fiye. Kashe mai gadin faɗuwar bolt lokacin barci, wannan ma kusan µA 20 ne. Kada ka bar ƙafa tana reto ba a ɗaure ta sama ko ƙasa ba. Sannan ka umarci rediyo shi ma ya yi barci. SX1276 yana cin µA 0.2 a barci, amma idan ya gama aika saƙo tsayuwar jira yake komawa, mai cin mA 1.6. Layi ɗaya na manhaja da aka manta ya ishe batir ɗin nan ya ƙare cikin kwana 44.

Duk wannan kada ka yarda da shi sai ka auna. Cire waya ɗaya ta batir, ka sa mitar gwaji a tsakani a matakin µA. A wannan mataki mitar tana rage wa tasha bolt, sai ka ga tana ta mutuwa tana farfaɗowa idan rediyo ya tashi. Haɗa bakunan mitar biyu da guntuwar waya har tashar ta kwanta, sannan ka zare wayar ka karanta. Ƙasa da µA 20 ya yi. Sama da µA 100, akwai ɓarawon da ba ka kama ba tukuna, kada ka kai ta gona.

Rediyo: sauraro ma ci ne

Mutane suna ɗauka magana ce ke cin wuta, sauraro kyauta ne. A rediyon CC2420, wanda aka daɗe ana amfani da shi a irin wannan sadarwa, sauraro mA 18.8 ne, aikawa mA 17.4. A SX1276 sauraro kusan mA 12 ne. Ga alama kaɗan ne kusa da mA 90 na aikawa, amma aikawa ƙiftawar ido ce, sauraro kuwa idan aka sake shi yini ne da kwana: mAh 288 kullum, fiye da abin da tasharmu ke ci a shekara. Ƙaramar tasha ta yi maganarta, ta kasa kunne na ɗan lokaci, ta kwanta.

LoRa yana da matakai daga SF7 zuwa SF12. Duk hawa ɗaya yana ƙara nisa, yana kuma kusan ninka lokacin da saƙo ke ɗauka a iska. Bait 23 ɗin nan a SF7 daƙiƙa 0.06 ne, a SF12 kusan daƙiƙa 1.5, ninki 24. Idan tasharmu ta koma SF12, cinta ya tashi daga µA 30 zuwa kusan 95, shekara shida ta dawo biyu. Saboda haka kafin ka ƙara mataki, ɗaga eriya.

Wannan shi ne gyara mafi araha a duk aikin. Saƙon rediyo ba zare ba ne da ke bin layi siriri, yana buƙatar fili kewaye da hanyarsa. A zangon rediyo na MHz 868, tsakanin tashoshi biyu masu nisan kilomita ɗaya, filin nan yana kai mita 9 sama da ƙasa a tsakiyar hanya. Eriyar da ke kwance a kan kunya rabin muryarta ƙasa take shanyewa. Ɗora ta ƙaramar tasha a kan sanda mai mita 2 zuwa 3, ta babbar tasha a kan tankin ruwa na sama ko doguwar sanda mai mita 10 zuwa 15, da wayar kariyar tsawa zuwa ƙasa. Ka tuna gonar da ka gwada a watan Nuwamba tana fili ba ita ce za ka tarar a Agusta ba: masara ko rake sun wuce kan mutum, ganyensu jiƙe, ruwa kuma yana shan saƙon rediyo. Eriyar waya miƙaƙƙiya ta MHz 868 tsawonta santimita 8.2 zuwa 8.6 ne, ta MHz 433 kusan 17, kuma a tsaye ake ajiye ta. Kada ka bari rediyo ya aika saƙo babu eriya, yana iya ƙonewa. Ka kuma duba ƙa'idar hukumar sadarwa ta NCC kan zangon da za ka yi aiki da shi.

Rage maganar ita kanta. Danshi, zafin ƙasa da bolt ɗin batir kowanne bait 2 ya ishe shi, jimla 6. Rubuta su da haruffa yana ninka tsawon saƙo a banza. Danshin ƙasa ba ya sauyawa da tsakar dare kamar yadda yake da azahar, don haka da rana minti 30, da dare awa biyu, bayan girbi sau ɗaya a yini. In ka so, tashar ta auna duk minti 30 amma ta yi shiru sai awo ya motsa, da sharaɗin ta yi sallama duk awa shida don a san tana raye.

Abu biyu ne ke kashe batura da yawa a lokaci ɗaya. Na farko, tashoshin da aka kunna tare suna farkawa tare, saƙonninsu su yi karo a iska, kowa ya sake aikawa. Ƙara wa kowacce jinkirin da ba a tsara ba, daga daƙiƙa ɗaya zuwa 60. Na biyu ya fi muni: babbar tasha ta mutu, ƙananan su yi ta kwaɗa sallama a matakin SF12 babu mai amsawa, har su ƙarar da kansu. Sai an gyara babba a tarar 'ya'yan duk sun mutu. Rubuta a manhaja cewa in an yi gwaji uku babu amsa, a jira minti goma, sannan awa ɗaya, sannan awa shida.

Kai tsaye, ko hannu da hannu?

Ko dai kowace tasha ta yi magana da babba kai tsaye, ko su riƙa miƙa wa juna saƙo har ya isa. Ta biyun tana da daɗin ji, domin ƙarfin saƙo yana raguwa da sauri sosai da nisa: ninka nisa biyu, ka buƙaci ƙarfi ninki huɗu a sarari, kusa da ƙasa kuma har ninki goma sha shida. Amma mai karɓar saƙon wasu dole ya kasance a farke, kuma tashoshin da ke daf da babba su ne ke ɗaukar kayan kowa. Idan ashirin suna bi ta kan biyu, kowacce cikin biyun tana aikin goma. Su za su fara mutuwa, na nesa kuma su yi shiru da batirinsu cike.

A shekarar 2000 masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka suka fito da tsarin LEACH, inda tashoshi ke kasuwa rukuni-rukuni, shugabancin rukuni kuma yana zagayawa kamar adashi, don kada nauyin ya zauna a kan guda. Dabara ce mai kyau, sai dai tana buƙatar agogunan tashoshi su dace. Agogon cikin ATmega yana iya kaucewa da kashi goma cikin ɗari, kuma zafi yana ƙara karkata shi. Ko agogo mai ƙaramin kiristal yana zamewa da kusan daƙiƙa biyu a kwana. A shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin ta Jigawa, inda LoRa da eriya a sama ke cin kilomitoci, kai tsaye ya fi. Idan tudu ko kurmin darbejiya ya tare wani ɓangare, sa tashar miƙawa guda ɗaya, ka ba ta sola da babban batir, ka ɗauke ta a matsayin marar barci.

Batir da zafin bazara

Daga Maris zuwa Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, baƙin akwati a rana kuma ya haura 60. Batirin lithiyam irin 18650 ba a cajinsa sama da digiri 45, kuma babu abin da ke tsufar da shi kamar ya zauna cike dam cikin zafi, wanda shi ne daidai halin da sola ke saka shi kullum da azahar. Allon caji na TP4056 yana da ƙafar jin zafi, amma a yawancin waɗanda ake sayarwa an kashe ta. Ga jabu kuma: 18650 na gaskiya ba ya wuce kusan mAh 3500, nauyinsa kusan giram 45. Wanda aka rubuta wa 9900 ka ɗaga ka ji shi sakayau, ajiye shi. Na tsohuwar laftof yana iya aiki, amma sai ka gwada cikin kowane ɗaya.

Inda za a yi caji, batirin lithiyam irin LiFePO4 ya fi dacewa da ƙasarmu. Yana jure zafi, bolt ɗinsa 3.2 ne, cikarsa 3.6, don haka yana iya ba ƙwaƙwalwa da rediyo wuta babu regileta. Sai dai cajarsa daban ce, irin CN3058. TP4056 zai kai shi bolt 4.2 ya lalata shi. Farantin sola mai bolt 6 da wat ɗaya ya ishe ƙaramar tasha har da ragi.

Amma tashar da ke cin µA 30 ba ta buƙatar sola sam, kuma rashinsa alheri ne: babu farantin da zai ja idon ɓarawo, babu gogewa. Batirin ER14505, mai girman na tocila ƙarami, bolt 3.6 da kusan mAh 2400, yana zubar da kusan kashi ɗaya cikin ɗari ne kawai a shekara. Ba a cajinsa ko kusa. Rauninsa shi ne ba ya iya ba da wuta mai yawa farat ɗaya, musamman in ya daɗe a ajiye, sai bolt ya faɗi daidai lokacin aikawa, tasha ta sake tashi daga farko, ta yi ta maimaita haka. Kafasita mai µF 1000 ba ta isa ta riƙe mA 90 na daƙiƙa 0.2 ba. Sa babbar kafasita mai farad 0.1 zuwa 0.5, ka sake auna barci bayan ka sa ta, domin ita ma tana da nata yoyon. Batirin alkalin na kanti yana zubar da ruwa cikin zafi ya ci ƙarfen mazauninsa, kaka ɗaya kawai za ka dogara da shi.

Babbar tasha ba ta runtsawa

Mai ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi da na'urar intanet ta layin waya tana cin kusan wat 5, wato wat-awa 120 a kwana. Kano tana samun awa biyar zuwa shida na cikakkiyar rana a yawancin shekara, amma ka yi lissafi da huɗu saboda hazon hunturu da gajimaren Agusta, ka kuma ɗauka kashi 60 ne zai isa batir. Kashi 60 na awa huɗu 2.4 ke nan. Raba 120 da 2.4: faranti mai wat 50. Ajiyar kwana uku wat-awa 360 ce, wato Ah 30 a bolt 12 (Ah ɗaya mAh dubu ne). Batirin ruwa rabinsa kawai ake sha, don haka mai Ah 60, na LiFePO4 kuma mai Ah 40. Faranti ya kalli kudu da karkata ta digiri 12 zuwa 15, a riƙa goge ƙurarsa duk mako daga Nuwamba zuwa Fabrairu.

Ƙungiyar manoma mai tashoshi kaɗan za ta iya haɗa ƙaramar babba da ESP32, rediyon LoRa da na'urar layin waya ta SIM800L, ta tara saƙonni ta aika sau ɗaya a awa. SIM800L yana fizgar har amfa 2 a taƙaice idan zai yi magana, yana son bolt 3.4 zuwa 4.4. Ba shi wuta kai tsaye daga batir da gajeriyar waya mai kauri, da kafasita mai µF 1000 daf da ƙafafunsa. Inda sabis ke da rauni ya fi ci, don haka gwada layuka a wurin kafin ka kafa sanda.

Ranar dasawa da makonnin farko

Akwati fari mai robar hana ruwa a murfi, da 'yar rumfar kwano a samansa da tazarar yatsu uku don iska ta bi. Duk ramin waya ya kalli ƙasa, a toshe shi tsaf, domin tururuwa suna son ɗumin ciki, kuma ƙasar da suke shigowa da ita idan ta sha raɓa tana zama hanyar wuta a kan allo. Sanyin asubar hunturu ma yana sa gumi a cikin akwati, don haka jefa ƙunshin silika mai shan laima, ka shafe allon da banish, ban da bakin eriya da mazaunin batir. Sandar ta zama ƙarfe ko bututu, saboda gara. Wayar sansa ta bi cikin bututun roba har ƙasa, saboda ɓera da fartanya. A fadamun Ringim da Haɗejiya ka tambayi masu gona iyakar da ruwa ya taɓa kaiwa, ka ɗaga akwati ya wuce nan. Sansar tumatir a binne ta a zurfin santimita 15 zuwa 30, kanta mai kayan wuta a shafe da gam mai ƙarfi. A sanar da mai unguwa da makiyayan da ke bi ta wurin abin da aka kafa da amfaninsa.

Kowane saƙo ya zo da lamba mai hawa ɗaya-ɗaya da bolt ɗin batir, wanda aka auna daidai bayan aikawa, lokacin da batir ke cikin wahala. Lambar da ke tsallake tana nuna saƙo na ɓata a hanya, sai a duba eriya. Lambar da ke komawa sifili tana nuna tashar na mutuwa tana tashi, sai a duba batir da kafasita. LiFePO4 da ER14505 bolt ɗinsu ba ya sauka a hankali, yana tsaye ne har daf da ƙarshe sannan ya faɗi lokaci ɗaya, don haka a kansu ka dogara da ƙirgen saƙonni da lissafin da ka yi tun farko. Rubuta ranar sa batir a cikin murfin kowane akwati, ka canza su a watan Oktoba, kafin a fara dashen tumatir.